Tambayar da Ba Su Yi Ba

Shekara talatin da ɗaya na yi a ƙasar gidan su Kumai, yamma da Kafanchan, in ka ɗauki hanyar Kwoi ka gangara wajen rafi. Uban Kumai ne ya nuna wa mijina wurin da bakin sandarsa, ya ce ku kafa ruga a nan, ku riƙa haɗa 'yan shanun gidana da naku kuna kiwo. A nan na yaye ɗana Arzika, a nan mijina ya rasu ya bar mini garke. Shekarar da aka yi rikicin Kafanchan ba wanda ya nuna mana yatsa. Afiniki matar Kumai ma tabarma ta ɗauko, ta zauna a ƙofar bukkata wuni biyu tana ɓarar gyaɗa, don duk mai wucewa da mugun nufi ya gan ta. Abin da wuta ba ta yi mana ba a shekarar, takarda ce ta zo yi bayan shekara huɗu.

Sunana Azumi. Ban yi boko ba, amma abin da aka faɗa a gabana ba ya ɓace mini.

Rani na biyu bayan rikicin, wata farar mota ta tsaya a bakin shingenmu. Arzika ya tambaya, aka ce ta Shirin Kare Garke ce, wani sabon ofis da aka buɗe don allurar shanu. Wanda ya sauko mun san shi, Malam Salihu, ɗan gidan 'yan kasuwa ne na cikin gari, shi ya yi wa shanunmu allura lokacin annobar bushiya. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya sha nono, sannan ya buɗe takarda.

"Goggo, allurar ciwon huhu ta yi ƙaranci. Da can kowa muke yi wa. Yanzu kwalabe kaɗan ake aiko mana, firji ɗaya, mota ɗaya, man ma sai an yi roƙo. Shi ne manya suka zauna suka ce a bi inda haɗari ya fi yawa. Tambaya uku zan yi miki. Shanunku suna tafiya cin rani?"

Na ce ba su taɓa kwana a wani wuri ba.

"Kuna sayo shanu a kasuwa ku haɗa?"

Na ce mu muke kaiwa, ba ma sayowa.

"Burtali ya bi ta kusa da ku?"

Na ce burtalin da baƙin shanu ke bi yana can bayan tsauni, tafiyar rabin wuni.

Ya yi rubutu, ya ciro wani koren kati ya miƙo mini. Ya ce kati biyu ne. Mai ja, kowace shekara za a yi wa shanunsa allura, a riƙa leƙa su. Mai kore yana cikin inuwa, ba ya bukata.

Na ce, "Ka zo har nan da kwalba a mota, ka soka musu mana ka wuce."

Ya yi dariya. "Goggo, in na soka wa naki, na wani da ke bakin burtali ya rasa."

Ban ce maganarsa shirme ba ce, har yau ban ce ba. Mai ruwa tulu ɗaya, bukkar da ke ci da wuta yake fara watsa wa. Na soke katin a ciyawar rufi, suka tafi. Shekara biyu ba mu sake ganin ƙurar motarsu ba.

To, akwai abin da mu Fulani muke kira haɓɓanaye. In ɗan uwanka ya rasa shanu, sai ka ba shi karsana ya tafi da ita. Ta haifa masa sau uku, 'ya'yan nasa ne, uwar kuma ya dawo maka da ita. Ba ciniki ba ne, ba a kiran shaida, ba a gaya wa kowa don kada a kunyata wanda aka ba. Jibir ƙanen mijina, bushiya ta share masa garke, sai muka ba shi wata karsana da muke kira Gajera. Shi mai tafiya ne, damina a kan tudu, rani a bakin Binuwai. Da ta cika haihuwa uku, ya koro ta da ƙafa har ƙofar rugarmu, ta yi ƙiba, fatarta na sheƙi. Ya ce nasa katin ja ne, kowace shekara ana yi musu allura.

Daga baya wani mai baƙin tabarau ya tambaye ni me ya sa ban ware ta ba. Ware ta! Mutum ya riƙe maka amana shekara bakwai, ya taka tafiyar kwana tara ya dawo da ita, sai ka ɗaure ta a gefe kamar ya kawo maka kayan sata? Ba a yi. Arzika ya buɗe shinge, ta shiga cikin 'yan uwanta.

Bayan wata ɗaya da rabi wata saniya ta fara tari. Ta tsaya ta miƙe wuya, ta wara ƙafafun gaba tana nishi, ta ƙi kiwo. Kwana uku, biyu suka bi ta. Da Arzika ya yanka ta farko, huhun ya manne da haƙarƙari, ga ruwa rawaya cike da ƙirji. Na san abin. Washegari na ajiye ƙwaryar nono, na zaro katin, na shiga mota zuwa gari.

Akawun da ke bakin ƙofar ofis bai ɗago kai ba. Ya ce, "Wane launi?"

Na ce, "Shanuna na mutuwa."

"Mama, katin nake tambaya."

Na ajiye masa. Ya ce kore ba ya cikin jadawalin fita. Mota tana zagayen masu ja, ba a karkatar da ita sai an rubuta wa hedikwata an sauya wa garke launi. Na ce ya rubuta. Ya ce ba shi ke rubutawa ba, Dokta ne, Dokta kuma yana taro. Sau huɗu na je. Rana ta ashirin da huɗu motar ta zo.

Ba a ƙirga shanu a gaban mutane, amma matattu ba su da sauran sirri. Goma sha tara suka tafi a nawa. Uku na Kumai da ke cikin garkenmu duk sun mutu, da bijimin wansa, wanda yake ji da shi kamar ɗa. Ruga biyu da muke shayarwa a rafi ɗaya su ma sun kamu. Gajera kuwa ko atishawa ba ta yi ba. Malam Salihu ya ce haka ciwon yake, wadda ta taɓa yi ta warke tana iya yawo da shi a ƙirji, ita ƙalau, na kusa da ita suna faɗuwa. Ya faɗi haka yana kallon takalminsa.

Sai ga kwamiti, mutum uku daga hedikwata. Suka zauna a gindin mangwaron ƙofar dagaci, aka kira ni. Mai baƙin tabarau ya ce, wata saniya ta shigo garkenki daga waje? Na ce e. Na buɗe baki zan faɗi yadda aka yi, ya yi mini tambayar warewa, kafin in gama amsa ya ce ya isa, sun gode. Ruwan da aka kawo musu ma ba su shanye ba.

Bayan wata guda takarda ta zo. Dagaci ya tara mutane, malamin makaranta ya karanta da Turanci ya juya da Hausa. Wai tsari bai gaza ba. Wai cikin garke sama da ɗari biyu masu koren kati, uku kacal suka kamu. Wai musabbabin abin, wata mata mai suna Azumi ce ta shigo da saniya daga garken ja ba tare da sanar da hukuma ba. Sunan da uwata ta raɗa mini ne kaɗai sunan mutum a cikin takardar.

Wan Kumai ya miƙe tun ba a naɗe ta ba. Hausarsu ta nan ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya" ne. Ya ce, "Kun ji. Ba mu ne ya faɗa ba, gwamnati ne. Wannan mata ya kawo ciwo. Kafin ruwan farko ya sauka, ya kwashe kayansa."

Dattawa suka gyaɗa kai. Da yamma Kumai ya zo ya tsaya a bakin shinge, bai shigo ba, shi da yake shigowa har gindin murhu.

"Azumi, ni ban kore ki ba. Amma ƙasa ba nawa ne ni kaɗai ba. Yayana yana da takarda a hannu, ni ban da komai. Kawo mani takarda da ya ce ba laifinki ba, in samu bakin magana."

Saura wata biyu ruwa ya sauka. Arzika ya ce mu tafi kawai, ƙasar Allah da faɗi. Na ce ina? Da shanun da ciwo ya ratsa, wa zai buɗe mana shinge? Kuma duk inda muka je sunan zai riga mu isa. Shi Arzika kunya ta cinye shi, in ya ga mai biro sai ya sunkuyar da kai. Na ce ya zauna da shanu, ni zan je.

Afiniki ta same ni ina ɗaura zani. Ta ce, "Ke Bafillatana, ina zuwa da wannan fuska kamar hadari?"

"Wajen masu takarda."

"Yesu! Za ki je ki yi faɗa da gwamnati da wannan ƙafa naki kamar sillen kara?"

"Da ita na kai nono Kafanchan shekara talatin, ke kina zaune kina tara ɗuwawu."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ɗaure fuska. Ta ce shanun nan uku da suka mutu, na auren ɗansu ne, ita ma ba ta huce ba, kada in ɗauka ta huce. Amma ta ƙulle mini dafaffiyar gyaɗa a leda ta ce in ci a hanya.

Wannan karon sai a zuwa na uku na samu Dokta Badruddeen, shugaban ofis. Ban bi ta kan akawu ba, na tura ƙofa. Matashi ne, sa'an Arzika, yana da ladabi, ya ba ni kujera. Na ce ƙasa ta ishe ni. Na ce ya gaya mini dokar da na karya.

Ya ce, "Inna, ba a ce kin karya doka ba. An ce ba ki sanar ba."

"Wa ya ce in sanar? Tambaya uku aka yi mini. Ga Salihu nan, a kira shi, in ya yi ta huɗu in haɗiye katin nan a gabanka."

"Amma ai hankali ma zai ba ki."

"Ku da kuka yi karatun shanu har ƙasar waje, hankalinku bai ba ku ku tambaya ba, sai nawa?"

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce in fahimta, ba su taɓa cewa kore ba zai kamu ba. Sun ce haɗarinsa kaɗan ne. Tun da ake zana tsarin an san cikin ɗari, ɗaya ko biyu za su kamu, an yarda da haka don a ceci masu yawa.

Na ce, "Kun sani?"

"An yi hasashensa."

"To ɗana, zaɓi ɗaya. In kun san wasu za su kamu kun yarda, ni ce wasun, ku rubuta cewa abin da kuka yarda da shi ne ya faɗo a kaina. In kuma ni na ɓata muku tsari, to ba ku sani ba, ku rubuta ba ku sani ba. Ba za ku ci tuwo da hannu biyu ku shafa mini miyar a zani ba."

Can ya ce abin da ya faru a rugata abu ne na daban, da wuya ya sake faruwa, ba a gina tsari a kan mutum ɗaya.

Wannan maganar ce na fito da ita. Na tsaya a bakin titi ina juya ta. Mutum ɗaya. Wato su a ganinsu ni kaɗai ce mai saniya a hannun ɗan uwa.

Akwai inda masu tallan nono ke zama kusa da tashar jirgi, a inuwar katanga. Tun da abin ya faru ban zauna a can ba, don ba mai sayen nonona. Na je na tsaya a gabansu. Suka amsa gaisuwa a ciki-ciki, wasu suka ja ƙwaryarsu gefe. Na dubi Rahmatu, wadda muka fi daɗewa tare, na ce, "Katinku wane launi?"

"Kore."

"Farar saniyar da kuka ba ɗan yayarki, yana ina da ita?"

Ta dube ni kamar na tuɓe mata ɗankwali a kasuwa. "Azumi, ana faɗin wannan?"

"Ba a faɗa. Haihuwa nawa ta yi?"

Ta ce, "Ta uku ce a ciki."

"To bana za ta dawo. Za ki ware ta?"

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Mu goma sha shida ne a wurin, goma sha uku masu kore, kuma cikin sha ukun nan biyu kaɗai ne ba su da saniya a hannun mai tafiya, ko ta mai tafiya a hannunsu. Na ce su tashi mu je ofis su faɗa da bakinsu.

Wata ta ce, "Don a rubuta sunanmu kamar naki?"

Wata ta ce mazansu za su ce sun tona asirin dangi a gaban Haɓe.

Na ce, "Ban ce ku zo don ni ba. Ba ku sayi nonona ba, ba ku zo mini jaje ba, na gani na ajiye. Ku zo don allura. In ba ku zo ba, ku tanadi wuƙaƙe masu kaifi, don ta Arzika sau uku ana wasa ta a wuni ɗaya."

Ran kasuwa mai zuwa mata tara suka biyo ni. Muka jera ƙore a barandar ofis, muka zauna. Akawu ya fito yana cewa nan ba kasuwa ba ne. Rahmatu ta ce masa, "Ɗan nan, koma ka zauna, ba nono muka kawo maka ba." Dokta ya fito, Malam Salihu a bayansa. Ba wadda ta kama sunan ɗan uwanta, sun yi wannan sharaɗin tun a hanya. Kowace ta faɗi launin katinta, ta faɗi inda saniyarta take da lokacin dawowarta. Wannan ta ce Lafiya, wannan ta ce wajen Bauchi, wannan ta ce ita ba ta ma san inda suke ba bana.

Dokta ya juya ya dubi Malam Salihu. "Ka san da wannan?"

"Na taɓa jin sunan abin, ranka ya daɗe. Na ɗauka na kakanni ne, an daina."

"An daina?" in ji Rahmatu. "In an daina, da wanda bushiya ta kwashe wa shanu bara yake yi a tasha."

Dokta ya tambaya ko duk rugage haka ne. Na ce ya nemo mini rugar da ba ta da ɗan uwa. Ya shiga ciki, muka ji yana ta murɗa waya.

Mako biyu bayan nan farar mota ta fara zagaya masu kore. Ban san inda aka samo allurar da aka ce babu ba. Sun sake buga takardar tambaya, yanzu huɗu ce, duk wanda ya ce e a ta huɗun sai a karɓe kore a ba shi ja. Na koma wajen Dokta na ce to, takardata.

Ya ce, "Inna, kin yi wa yankin nan babban aiki."

"Ban zo karɓar yabo ba. A cire sunana."

Ya ce rahoto ya riga ya tafi sama, mutum uku sun sa hannu, shi ba shi da ikon taɓa ko ɗigo. In ya rubuta cewa tsari ne ya yi kuskure, ya ƙaryata manyansa ke nan, kuma masu ba da allurar suna iya janye hannu, kowa ya rasa. Abin da zai iya, ya ba ni wasiƙa zuwa ga dagaci. Na ce ya karanta mini kafin ya liƙe. Wasiƙar ta ce wai an inganta tsari bisa darasin da aka koya, an ƙara tambaya a kan shanun da dangi ke ba juna, wadda da can babu ita.

Na ce, "Darasi. Shanuna ne allon?"

Na ce ya ƙara layi ɗaya, cewa Azumi ba ta ɓoye komai ba. Ya ɗauki biro, ya riƙe shi a sama, ya mayar ya ajiye. Ya ce, "Wallahi Inna, iyakar tsawon hannuna ke nan." Na karɓa, don hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma, ba ni da wata dabara.

Dagaci ya sake tara mutane. Malamin makaranta ya karanta, bai kai minti ɗaya ba ya gama. Wan Kumai ya ce a sake. Aka sake.

Ya ce, "Ina wurin da ya ce wannan mata ba ya da laifi?"

Malamin ya juya takardar baya, ya ce babu.

"To. Na farko ya kira suna. Wannan bai kira suna ba. Wanne ya fi nauyi?"

Na ce, "Na farko ya ce ban sanar ba. Wannan ya ce ba a tambaya ba. Kai in ba a tambaye ka ba, bin mota kake yi kana faɗin abin da ke cikin gidanka?"

"Bijimina ya mutu a hannunki."

"Ya mutu. Ni na ba shi ruwa da hannuna kwana huɗu. Nawa sha tara suka mutu, ka zo ka ce mini sannu?"

Dagaci ya ce in sassauta murya. Sai ga muryar Afiniki daga can baya inda mata ke zaune. "Baba dagaci, ni tambaya ne da ni. Mutum ya ce ɗakinsa ba ya yoyo, gobe ka gan shi a kan rufi da sabon ciyawa. Me ya hau yi?"

Mata suka kwashe da dariya, har wasu dattawa. Wan Kumai ya ce wa ƙanensa ya tsawata wa matarsa. Kumai ya ce shekara talatin yana gwadawa.

Amma dariya ba ta sauya wan Kumai ba. Ya ce ko gwamnati ta hau rufi ko ta sauka, shi bijiminsa ba zai tashi ba, kuma ba ya son ya sake ganin shanun nan a rafin da nasa za su sha. Aka yi ta ja har inuwar mangwaro ta juya. Dattawa suka rabu, wasu suka ce takarda ta biyu ta wanke ni, wasu suka ce ba ta wanke kowa ba sai masu ita. Dagaci ya ce shi ba zai yanke a kan ƙasar gado ba, 'ya'yan gida su faɗa.

Kumai ya miƙe. Mutum ne da ba ya son tsayuwa a taro, yana magana yana murza hula. Ya ce tun rasuwar ubansu ba su raba wurin ba don ba dalili. Yau ga dalili. Fadamar bakin rafi, inda rugata take, ya bar wa wansa, ya yi yadda ya ga dama. Tudun duwatsu na sama shi ya ɗauka. "Kuma a nawa, Azumi yana zama. Wanda ba ya so, ya zo ya same ni."

Kowa a wurin ya san abin da ya bayar. Fadama ce idon ƙasar, tudun kuwa ko akuya sai ta yi tunani. Wansa ya amsa da sauri tun kafin ya sake shawara. Afiniki ba ta yi dariya ba wannan karon, ta tashi ta kakkaɓe zani ta tafi gida. Kwana goma ba ta yi mini magana ba.

Washegari muka fara cire turaku. Ni da Arzika da matarsa muka kwance bukkoki huɗu, muka riƙa hawa da kayan a ka. Ruwa a sama sai a wata tsohuwar rijiya, guga ɗaya-ɗaya, shanun da suka rage sai an wuni ana ja musu. Ruwan farko ya same mu da bukka ɗaya rufaffiya, muka cusa hatsi da jikoki a ciki, mu manya muka tsaya a jikin dutse har ya ɗauke.

A daminar nan wan Kumai ya shuka citta a tsohon makwancin shanunmu. Daga ƙofar bukkata ina hango ta. Ta yi kyau ƙwarai.